Dattijo Ya Cika a Kwanar Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, a wannan hantsi na Lahadi mai zafin da ko labulen taga ya ƙi motsi, Auta mai guga, a madadin kansa da mahaifiyarsa da yayansa da ke nesa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk waɗanda suka taɓa yi masa dariya, rasuwar katin hoton kwamfutarsa, wanda gida da waje aka fi sani da Dattijo.

Marigayin ya cika ne ranar Lahadin da ta wuce da la'asar, a ɗakin Auta, ƙarƙashin tebur, kusa da kwandon wanki, bayan gajeriyar rashin lafiya da dogon haƙuri. Ya rasu a bakin aiki. Abin da ya fi ci wa mai makoki rai shi ne, ya rasu a daidai lokacin da Auta yake gaba a tseren mota, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife shi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, irin su Mama da har yau take kiransa abin nan mai kuka, katin hoto wani faifai ne mai fanka biyu a jikinsa, tsawonsa bai wuce takalmin babban mutum ba, ana soke shi a cikin kwamfuta. Sana'arsa zane. Duk abin da ido ya gani a gem, mota ce, titi ne, ruwan sama ne, inuwar gini ce, shi yake zanawa, ya goge, ya sake zanawa, tun mutum bai ƙifta ido ba. In yana da ƙarfi, mota ta tafi sumul. In ya gaji, mota ta riƙa tsalle kamar kwaɗo. A kusurwar allo kuma akwai wata 'yar lamba da ke faɗin hoto nawa ya zana cikin daƙiƙa guda. Wannan lambar ce ta raba Auta da hankalinsa, amma za a zo wurin.

Dattijo ba a hannun Auta ya tashi ba. Na Yaya ne. Ranar da Yaya zai tafi aiki can nesa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki da jaka a kafaɗa, bai rungumi kowa ba don ba halinsa ba ne, sai ya nuna kwamfutar da haɓa ya ce, “Ga shi nan. Ka riƙa hure masa ƙura. Kuma kada ka taɓa saitin da na yi.” Wasiyya biyu ke nan. Ta farko Auta ya riƙe ta har damina ta wuce, sannan ya manta. Ta biyu ya daɗe yana riƙe da ita, kuma yana roƙon a sa masa wannan a lissafi.

Wajibi ne a faɗi abin da marigayin yake ɗauke da shi a gidan nan, don kada wani ya ce ai ƙarfe ne kawai, me ake wa kuka. Yaya mutum ne da magana ba ta dame shi ba. In ya kira waya, “Lafiya? Lafiya. Mama fa? Lafiya. To.” Shi ke nan, an gama sai wani watan. Amma duk Lahadi da la'asar, in ya kunna tasa kwamfutar a can, Auta ya kunna tasa a nan, suka jera motoci biyu a bakin layi, sai bakin Yaya ya buɗe. Idonsa na kan titi, hannunsa na kan abin tuƙi, ya manta cewa shi miskili ne. A miƙaƙƙen titi zai tambaya ko Mama ta sha maganin ƙafarta. A kwana zai ba da labarin maƙwabcinsa mai minshari. A kan gada ne ya taɓa cewa, ba tare da an tambaye shi ba, wai abincin can ba ya shigarsa, ya rame. Mama kuwa, wadda ta ce gem aikin marasa aikin yi ne, tana da wani almakashi da ba ya ɓata sai ranar Lahadi da la'asar, kuma ba a nemansa ko'ina sai ɗakin Auta. Da ta shigo, Auta sai ya zare abin kunne ya bar muryar ta fito fili. Ta ɗaga matashi, ta leƙa bayan tebur, ta zauna bakin gado ta ce ƙafarta ce ta riƙe. Almakashin bai taɓa fitowa ba sai an gama tsere.

Babba ne ke zaɓen titi, haka dokar take tun suna yara. Yaya kuwa titi ɗaya ya sani a duniya: na cikin birni ana ruwan sama, mai dogayen gine-ginen gilashi, da fitilu suna walƙiya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da taron 'yan kallo kowa da lemarsa. Duk wannan Dattijo yake zanawa, ɗigo bayan ɗigo, lema bayan lema, bai taɓa cewa Yaya ya yi masa yawa ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ya ga Auta ya sha kashi Lahadi bayan Lahadi, bai faɗa wa kowa ba. An ɗauke wuta a kansa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, in an dawo da ita sai ya tashi kamar ba a yi komai ba. Lokacin sanyi ya ɗumama ƙafar mai shi. Lokacin damina, in aiki ya yi yawa a shago aka taho da saura gida, ya busar da safa da hankicin mutane a bakin iskar da yake fitarwa, bai nemi ladan wanki ba. In an kunna shi yakan gaishe da mutum da ɗan tari, kat-kat, sannan ya ja numfashi, fuuuu, ya zauna a kan wannan muryar har a gama. Auta ya san wannan fuuuu ɗin fiye da yadda ya san karatun da aka yi masa a makaranta, wanda dama bai yi nisa ba.

Rashin lafiyar ta faro ne daga bakin wani aboki da ake ce wa Injiniya, ba don ya taɓa gyara wani abu ba, sai don yana sayar da murfin waya da gilashinta a tsallaken shagon guga. Wata rana ya biyo Auta gida, ya leƙa allo, ya ga lambar kusurwa tana yawo a arba'in da 'yan kai, ya riƙe baki.

“Auta, har yanzu Sha-ɗaya kake? Haba! Wane zamani kake ciki? Shi ya sa Yayanka yake wanke ka kamar tsumma. Shi Sha-biyu yake.”

A nan sai a yi wa masu ta'aziyya ɗan bayani, gwargwadon fahimtar mai guga. Gem ba ya magana da katin hoto kai tsaye, akwai hanyar da saƙo ke bi tsakaninsu, kuma a cikin saiti an ba mutum zaɓi. Akwai tsohuwar hanya da 'yan gem ke kira Sha-ɗaya, akwai sabuwa da suke kira Sha-biyu. Sha-ɗaya kamar shagon da maigida ke zaune a kanta ne. Shi zai karɓi kayan kowa, ya duba, ya ware, ya miƙa wa mai guga ɗaya bayan ɗaya. Layi yakan yi tsawo, mai guga yakan tsaya jira, amma ba a rikicewa. Sha-biyu kuwa kamar a ce maigida ya tashi daga kanta ya buɗe ƙofofi duka, kowa ya shigo ya ajiye nasa a kan teburin guga da hannunsa. In mai gugan matashi ne mai jini a jika, aiki zai yi gudu, kowa ya yi murna. Iyakar abin da Injiniya ya faɗa ke nan, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai tambaya ba, Auta ma bai tambaya ba, shi ne shekarun wanda ke tsaye a teburin.

Auta ya yi kwanaki yana buɗe saitin yana rufewa. Yakan kai hannu ya tuna haɓar Yaya tana nuna kwamfuta, sai ya janye. Ba wani babban buri gare shi ba. So yake sau ɗaya tak ya riga Yaya isa layi, ya ji abin da Yaya zai ce. Ran da ya danna Sha-biyu, har ya cire ƙaidin da Yaya ya sa wa lambar don kada ta wuce gona da iri, sai da ya rufe ƙofar ɗaki tukuna, kamar Yaya zai leƙo daga wata ƙasa.

Da farko abin bai yi kyau ba. Duk sabon abin da ya bayyana a titi, gada ce ko allon talla, sai hoto ya tsaya cak kamar mai shaƙuwa, sannan ya ci gaba. Injiniya ya ce a yi haƙuri, sabawa yake yi, in ya ga kowane abu sau ɗaya ba zai sake tsayawa ba. Haka kuwa aka yi. Bayan zagaye kaɗan shaƙuwa ta tafi, lamba ta haura sittin, mota ta riƙa bin hannu kamar dutsen guga a kan sabon yadi. Kwanar da Auta ya saba karo da bango, ya wuce ta lafiya. Ya tashi ya zagaya ɗaki shi kaɗai yana tafa wa kansa. Washegari a shago ya riƙa yi wa abokan aiki bayanin Sha-biyu har ya kusa ƙona wuyan rigar wani bawan Allah.

Amma muryar marigayin ta sauya. Fuuuu ta koma huuuuu, daga nan ta koma kirrrr. Gefen kwamfuta ya yi zafin da in ka ɗora hankici zai goge kansa. Ranar Alhamis ɗaya daga cikin fankokinsa biyu ta yi kat, kat, kat, ta tsaya. Duk mai hankali a nan zai koma Sha-ɗaya ya nemi mai gyara. Auta ya kwance murfin kwamfutar, ya shiga ɗakin Mama ya ɗauko fankarta ta tsaye, ya kafa ta a bakin majinyacin, ya ce ai ga babbar fanka a madadin ƙarama, an ma ci riba.

Ranar Lahadi aka jera motoci. Birni, ruwan sama, 'yan kallo da lemominsu. Mama ta shigo neman almakashi tana fifita da murfin kwali, don an san inda fankarta take. Aka tashi. A kwanar farko Auta ya manne wa Yaya. A kan gada ya wuce shi. Yaya yana cikin labarin wani abokin aikinsa da ya sayi takalmi ƙafar hagu biyu, sai labarin ya tsaya a tsakiya. Can sai ya ce, “Kai, Auta, kai ne kuwa?” Mama ta daina fifita. Dattijo yana kirrrr, kirrrr, yana zana ruwa, yana zana fitilu, yana zana bayan motar Auta, wanda Yaya bai taɓa gani ba a rayuwarsa.

Saura kwanar ƙarshe a ga layi, sai kwaltar ta yi kore. Gine-gine suka fashe suka zama ƙananan murabba'ai masu ruwan hoda. Marigayin ya yi wata 'yar ƙara siririya, tsiiii, wadda ba a taɓa jin irinta daga gare shi ba, allo ya yi baƙi, wani wari mai kama da na rigar leda da aka manta a ƙarƙashin dutsen guga ya cika ɗakin. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Hoto ya tafi, amma sauti bai tafi ba. A cikin duhun allon Auta ya ji motar Yaya ta taho da gudu daga baya, ya ji ta iso, yana jiran ya ji ta wuce. Sai ya ji birki. Motar ta tsaya a gefen tasa, injinta yana gurnani a hankali, ruwan sama yana dukan rufinta.

“Me ya faru?” in ji Yaya.

Auta ya hau daddanna abin tuƙi. Yaya ya sake jefo tambaya.

“Ka taɓa saitin?”

Auta yana neman bakin zaren, Mama ta matso kusa da allo ta ɗaga murya kamar mai kira daga tsallaken titi. “Ya taɓa! Har fankata ya ɗauke, kwana uku ina kwana a jiƙe!”

Sannan Yaya ya ce, “To.” Irin “to” ɗin nan na waya. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba duk makon.

An garzaya da marigayin wurin mai gyara naɗe a cikin tawul mai tsabta. Mai gyara ya kwance shi, ya sa tsinke ya zaro wani abu toka-toka mai kauri daga tsakanin haƙarƙarinsa, ya ɗaga shi sama yana juyawa.

“Ɗan'uwa, wannan bargon kai ka saƙa masa?”

Ƙurar yadi ce ta safa da hankici, ta shekara da shekaru. Mai gyara ya ce kada a ɗora wa Sha-biyu laifi, ita aikinta ta yi, a sabon kati alheri ce, a wani gem ɗin ma tsohon kati yakan ji daɗinta, a wani kuma Sha-ɗaya ta fi ta zama lafiya, sai an gwada. Ya ce abin da ya faru a nan mai sauƙi ne. Da can, a Sha-ɗaya, saƙo yana zuwa wa Dattijo a layi ɗaya, yakan gama nasa ya ɗan tsaya jiran na gaba, a wannan tsayuwar yake shan iska. Da aka buɗe ƙofofi aka cire ƙaidi, jira ya ƙare, aiki ya zama ba tsayawa, ga bargo, ga fanka guda a mace. Wato jinkirin nan da Auta yake tsaki a kansa, shi ne hutun tsohon. Auta, wanda ya san daɗin ɗan zaman nan da yake samu in maigida yana ciniki da mai kaya a kanta, bai buƙaci a maimaita masa ba.

Marigayin ya rasu ya bar allo guda mai tabo a gefen dama, da abin tuƙi mai maɓalli ɗaya da ke maƙalewa, da abin kunne da aka ɗaure da zaren ɗinki, da fanka guda cikin biyun da ke jikinsa wadda har yanzu in an hura mata iska tana juyawa, abin tausayi. Ya bar Injiniya, wanda ya zo gaisuwa ya ce da ma shi ya so ya ce a fara share ƙura. Ya kuma bar wani ɗan ƙaramin mai zane da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar tun asali, wanda ba wanda ya san da shi sai da mai gyara ya mayar da wayar allo wani rami na daban, hoto ya dawo. Auta ya sa masa suna Maraya. Maraya yana iya nuna rubutu da bidiyo, da shi ma ake rubuta wannan sanarwa. An gwada shi da titin birni ana ruwa, don a cire rai. Mota tana nan, aka ƙifta ido tana cikin bango, aka sake ƙiftawa tana kallon inda ta fito. An sauke komai na cikin saiti ƙasa, an koma Sha-ɗaya da kunya, duk da haka lemomin nan da fitilun nan sun fi ƙarfinsa. Auta ya kashe, ya zauna bakin gado inda Mama ke zama. Titin Yaya ya rufe ke nan, kuma ba a san wani wurin da Yaya yake magana ba. Jiya dai an ga almakashi a rataye a ƙusa a ɗakin girki, a fili, inda kowa zai gan shi.

Ba a roƙi kowa ya yi wa marigayin addu'a ba, don ƙarfe ne. Wanda ya samu hali ya roƙa wa mai shi hankali.

Gawa tana kwance a cikin kwalin takalmi a kan durowar kaya, an goge ta tas, gogewar da da an yi mata tana raye da ba a kai ga haka ba. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shagon guga bayan an tashi aiki. Ana roƙon masu zuwa su zo da haƙuri, su bar shawara a gida, an samu wadda ta isa. Wanda ya san wata sabuwar hanya da ta fi Sha-biyu, don Allah ya riƙe abarsa. An shirya ɗaukar marigayin yau Lahadi da la'asar, daga ɗakin Auta zuwa shagon mai gyara, inda za a ajiye shi a kan kanta ta sama tare da sa'o'insa, tunda dai la'asar ɗin Lahadi yanzu ba ta da wani aiki.

Har an kai nan a rubutu, sai wani abu ya yi ƙara a kusurwar allo. Gayyatar tsere ce daga Yaya, ta yau da la'asar. Auta ya buɗe don ya rubuta cewa ba hali, sai ya ga ba birni ba ne. Wani titi ne a fili fetal, ba ruwa, ba gini, ba bishiya, ba ɗan kallo ko ɗaya, ƙasa ce da sama da layi a tsakani. Titin da Yaya ya sha cewa na 'yan koyo ne, ko kyauta ba zai hau ba. A ƙasan gayyatar ya rubuta: “Sha-ɗaya. Komai ƙasa. Ka ce wa Mama almakashinta yana ɗakinka.”

Auta ya gwada titin shi kaɗai. Maraya ya zana ƙasa, ya zana sama, ya zana mota, bai yi tari ba. Auta ya danna amincewa, bai rubuta komai ba, don ba a saba ba. Ya tashi ya mayar wa Mama fankarta, ya biya ta ɗakin girki ya zare almakashi daga ƙusa, ya kawo ya tura shi ƙarƙashin matashi.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an ɗage ɗaukar marigayin zuwa bayan tsere. Za a sauko da kwalin a ajiye shi a kan tebur, a buɗe, yana fuskantar allo. Masu rakiya su haƙura su jira a waje, kuma don Allah a rage surutu, akwai labarin wani mai takalmi ƙafar hagu biyu da ba a ƙarasa ba.